Gadar da Ba Ta Ƙetare

Kowace gada tana da tsallake,
ban da tamu.
Ta baro gari da ƙafafun ƙarfe,
ta kutsa teku taku ɗari bakwai,
sai ta tsaya cak,
kamar wanda ya buɗe baki ya fasa magana.

Ni ne mai canja mata katako.
Da asuba, kafin a buɗe ƙofa,
nakan bi ta da guduma ina ƙwanƙwasa.
Mai lafiya yakan amsa da ƙarfi,
ruɓaɓɓe sai ya yi gunaguni
irin na Tegid in an tuna masa bashi.

Kakana Cledwyn nan ya ci ƙuruciya
yana cafe igiyar jiragen tururi.
Ya ce ranar hutu jirgin ƙasa kan juye
masu haƙar kwal da iyalansu,
an wanke fuska, an sa kwat ɗin zuwa coci,
amma baƙin yana nan a ƙarƙashin farce.
Kwabo biyu a bakin ƙofa,
mutumin da ya shekara a ramin duhu
ya yi tafiya bisa ruwa, takalminsa a bushe.

Kakata Eirlys ce mai karɓar kuɗin,
ta tagar nan mai faɗin littafi.
Ya miƙa, ta miƙo tikiti,
alhali ma'aikaci ba ya biya.
Wata uku yana asarar kwabo biyu
kafin ta ce, "Kai, ko dai ka faɗa,
ko ka matsa mutane su wuce."

Da yaƙi ya zo aka cire wa gadar tsakiya
kada abokan gaba su samu matakala.
Abokan gaba ba su zo ba.
Shekara biyar ƙarshenta na can shi kaɗai,
tsuntsayen teku na yi masa farar ƙasa.

Wuta ma ta karɓi rabonta
daren da ɗakin rawa ya kama.
Mahaifiyata tana 'yar shekara tara.
Ta ce ba harshen wutar ta riƙe ba,
ƙarar fiyano ce da ya rufta ruwa,
duk wayoyinsa suka yi kuka lokaci guda.

Sai takarda daga majalisar gari:
gyara ya fi ƙarfin aljihu, a rushe.
To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Nesta mai gasa burodi ta ɗauki bokiti,
mawaƙan coci suka tsaya cikin ruwan sama
suna rerawa da harshen Wales har murya ta dushe.
Aka sa katako a kasuwa ɗaya-ɗaya,
wanda ya saya, a manna masa suna da tagulla.

Yanzu in ina aiki, karatu nake yi.
"Idwal, wanda bai taɓa kama kifi ba."
"Meinir da Gethin, nan aka fara."
Akwai wani marar suna, sai kwanan wata.
Wata tsohuwa kan zo duk Talata,
ta tsallake shi, ba ta taka shi.
Ban tambaye ta ba.
Tun bara ya fara gunaguni,
na tokare shi da ƙarfe ta ƙasa, na ja bakina.

Gishiri ba ya hutun Lahadi.
Mu fara fenti daga ƙofa, kafin mu kai ƙarshe
tsatsa ta riga mu komawa.
Baƙi kan ce, "Ina take kaiwa?"
In ce su je su gani.
Su tafi da soyayyen dankali a takarda,
iska na fizgar hula,
su kai ƙarshe, su dafa ƙarfe,
su yi jim,
sannan su juyo.
Daga can ne kawai ake ganin garin duka,
coci, tasha, hayaƙin gidan burodi,
da tudun da Cledwyn da Eirlys suke kwance.

Jikata ga ta can rub da ciki,
ido a tsagar katako, zare a hannu,
tana jiran ƙaguwa.
"Kaka, ruwa na dawowa."
Na sani. Miƙo min ƙusa.